Yadda Waya Ta Dawo Mini Da Sirrin Aljihuna

Ni malamin lissafi ne, kusan duk rayuwar aikina a gaban allo na yi ta. Da hannun hagu nake rubuta wannan labari, domin na dama ya daina yi mini aiki tun lokacin da hawan jini ya kayar da ni, ɓarin jikina ya shanye. Alhamdulillahi, baki ya dawo, ƙwaƙwalwa lafiya lau, ƙafa kuma tana kai ni ƙofar gida idan na dogara sanda. Shaidar da nake so in bayar a kan hulɗar banki ta waya ce, da yadda ta mayar mini da wani abu da ciwo ya karɓe, abin da masu zuwa dubiya ba su cika lura da shi ba.

Mai lafiya ba ya tunanin cewa zuwa banki aikin jiki ne. Sai ka hau abin hawa, ka sauka, ka taka matakala, ka tsaya a layi, ka riƙe biro, ka sa hannu irin wanda ka sa ranar da ka buɗe asusu. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni wuya. Da aka kai ni banki bayan na fito daga asibiti, ɗana yana tallafe da ni, ma'aikaciyar ta kalli sa hannun da na yi da hagu, ta kalli wanda ke cikin kwamfutarta, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba su yi kama ba." Gaskiya ta faɗa, kuma aikinta take yi. Da wani ne ya zo da wannan karkataccen rubutu da sunana, ni ma zan so ta hana shi. Sai da aka kira manaja, aka duba takardar likita, aka sa na dangwala yatsa, sannan aka ba ni kuɗina. Na dawo gida a galabaice, na san ba tafiyar da zan riƙa yi duk wata ba ce.

Daga nan katin cirar kuɗina ya shiga hannun mutane. Yau ɗana, gobe ƙanena, jibi yaron maƙwabci idan duk ba sa nan. Kati kuwa ba ya aiki sai da lambar sirri, don haka duk wanda na aika sai na gaya masa. Ina so a fahimce ni: babu wanda ya ci amanata a cikinsu, ko sau ɗaya. Allah ya saka musu da alheri. Amma kowa ya san abin da nake da shi da abin da ya rage. An san ranar da kuɗi suka shigo, an san ranar da suka ƙare. Ina da 'yar'uwa da mijinta ya rasu ya bar mata yara, na saba taimaka mata tsakanina da ita, ko uwargida ba ta san adadin ba. Da na kwanta, sai ya zamana ba zan iya yi mata komai ba sai wani ya ji, wani ya cira, wani ya kai. Ita ma ta daina gaya mini damuwarta, saboda kunyar yaranmu. Wannan ya fi ciwon ƙafa taɓa ni. Magidanci yana iya jure a ɗaga shi a kwantar, amma rufin asirinsa idan ya tafi, sai ya ji kamar ya zama yaro a gidansa.

'Yata ce ta kawo maganar manhajar banki. Na ƙi da farko, kuma ina da dalili: kullum ana jin labarin wanda aka kwashe wa kuɗi ta waya, ni kuma abin da ke asusuna shi ne maganina. Ba ta yi gardama da ni ba. Ta ce, "Baba, yanzu mutum nawa suka san lambar katinka?" Na yi shiru. Ta ce, "To a wayar, kai kaɗai za ka sani."

Wata safiya ta zauna gefen gadona da wayata a hannunta. Ta shiga Google Play, ta nuna mini cewa sunan bankin yana nan a matsayin wanda ya wallafa manhajar, ta ce kada in taɓa sauke manhajar kuɗi daga wata mahaɗa da aka turo mini a saƙo, ko da sunan banki aka turo ta. Da aka zo wajen ɗaukar zanen yatsa, ta kama babban yatsana na dama kamar yadda kowa ke yi, sai ya ƙi miƙewa, ya lanƙwashe cikin tafin hannu. Muka koma manuniya ta hagu. Na riƙa ɗorawa ina ɗagawa, zanen yana cika a fuskar waya kaɗan-kaɗan har ya kammala. Sai manhajar ta nemi in zaɓi lambar sirri ta tura kuɗi. Yarinyar nan ta ajiye wayar a kan cinyata, ta tashi, ta juya fuskarta ga bango. Ta ce, "Ka sa, Baba, idan ka gama ka kira ni." Na daɗe ina danna lambobin nan huɗu da yatsa ɗaya, idona cike da hawaye. Tun da na kwanta, ranar ce aka fara ba ni abin da yake nawa ni kaɗai.

A nan malamin lissafin da ke cikina ya farka. Lamba mai gurbi huɗu tana da fuska 10,000, daga 0000 zuwa 9999, kuma yawancin bankuna suna kulle ta idan an yi kuskure sau uku. Ke nan ɓarawon da ke canka yana da dama 3 cikin 10,000, abin da ba zai sa ka rasa barci ba. Sai dai mutane da hannunsu suke rage wannan adadi. Binciken da aka yi a kan lambobin sirri da suka fallasa ya nuna 1234 ce aka fi zaɓa, sai irin su 1111 da 0000, sai shekarun haihuwa. Wanda ya ɗauke maka jaka kuwa ya samu katin shaidarka, ranar haihuwarka tana rubuce a jiki. Wanda ya sa shekarar haihuwarsa a matsayin lambar sirri kamar wanda ya kulle ƙofa ne ya bar makullin a jikin kwado. Na zaɓi lambar da ba ta da alaƙa da ni ko iyalina, na haddace ta, ban rubuta ta a ko'ina ba.

Kuɗin farko da na tura, wa 'yar'uwar nan tawa na tura, da dare, gida ya yi tsit. Na shigar da lambar asusunta, kafin in tabbatar sai cikakken sunanta ya fito a fuskar wayar. Wannan tsari na nuna sunan mai asusu kafin kuɗi su fita yana cikin abubuwan da na fi yabawa, musamman ga mai hannu ɗaya da ke iya danna 8 a maimakon 5. Har yau ba na tura ko kaɗan sai na karanta sunan a fili. Ba a jima ba ta kira, muryarta na rawa, ta ce, "Yaya, na ga alat. Wa ya tura maka?" Na ce ni na tura da kaina.

Bayan haka abubuwa suka biyo baya da sauƙi: kuɗin makarantar yara, kuɗin wuta, sayen magani, katin waya. Da annobar korona ta zo a 2020 aka rufe mutane a gidaje, masu ƙafa biyu suka ɗanɗana irin zaman da na saba, har wasu abokan aikina suka riƙa kira suna tambayar yadda ake yi. Na kuma fara koyar da yara lissafi a gida, iyayensu suna biya ta asusu. A nan na koyi cewa saƙon alat kaɗai ba hujja ba ne, domin ana iya ƙirƙirar saƙo mai kama da na banki, har sunan bankin ya fito a sama. Hoton rasit ma ana iya gyara shi. Abin da ba a iya ƙirƙira shi ne abin da ka gani da idonka a cikin manhaja, don haka duk wanda ya ce ya turo, sai in buɗe in duba ko kuɗin sun ƙaru.

Mai jinya yana da lokaci, sai na shiga karanta tarihin abin. Na'urar cirar kuɗi ta farko bankin Barclays ne ya kafa ta a Landan a 1967, ta sauƙaƙa wa mutane jiran ma'aikaci, amma dole ka je inda take. Abin da ya fi burge ni shi ne M-Pesa, wanda kamfanin Safaricom ya fara a Kenya a 2007. Da ƙaramar waya mai madannai, babu intanet, mai aiki a birni yana tura wa mahaifiyarsa kuɗi a ƙauye, ta je wajen wakili ta karɓa. An yi shi ne don mutanen da banki ya yi musu nisa. Ni nisan nawa daga gado zuwa ƙofar gida ne, amma matsalar ɗaya ce, maganin ma ɗaya.

Ina amfani da hanyoyi biyu. Akwai manhajar, akwai kuma lambobin USSD, waɗanda ake farawa da alamar tauraro a rufe da alamar tsani. USSD ba ya bukatar data, yana aiki a kowace irin waya, kuma ya sha fitar da ni kunya ranar da intanet ya ɗauke. Amma a ganina manhajar ta fi tsaro. Tana ɓoye bayanan da ke tafiya tsakaninta da banki, tana neman yatsa ko kalmar sirri kafin ta buɗe, kuma da yawa daga cikinsu suna ɗaure asusu da waya guda, idan an shiga daga wata sabuwa sai an sake tantancewa. Zanen yatsan ma ba banki ake kai wa ba, a wani keɓaɓɓen sashe na cikin wayar yake zaune, ita ce kawai ke gaya wa manhajar cewa yatsan ya dace. Shi kuwa USSD, da layinka da lambobin nan huɗu ya dogara. Duk wanda ya mallaki biyun ya zama kai.

Gwaji na farko ta kira ya zo mini. Wani mai tattausar murya, ladabi kamar ya durƙusa: "Ranka ya daɗe, daga sashen tsaro na bankinka nake kira." Ya faɗi cikakken sunana daidai, ya faɗi lambobin ƙarshe na katina. Ya ce sun ga ana yunƙurin cire kuɗi daga asusuna, kuma idan ba a toshe yanzu ba, kafin minti kaɗan za a kwashe komai. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Yana cikin magana sai saƙo ya shigo da lambobi shida. Ya ce, "Yawwa, Baba, karanto mini su in rufe asusun." Na ce ya dakata in sa tabarau. A ƙarƙashin lambobin, bankin da kansa ya rubuta cewa kada a gaya wa kowa su, har ma'aikacinsa. Na ce, "Yaro, idan kai ne banki, me ya sa kake tambayata abin da banki ya turo?" Sai ladabin ya gudu, ya fara ɗaga murya yana cewa ni zan ja wa kaina asara. Na kashe, na juya katina, na kira lambar da ke bayansa. Suka tabbatar ba su suka kira ba, suka toshe katin, aka yi mini sabo.

Ya kamata kowa ya gane abin da ke faruwa a irin wannan lokaci. Lambar nan ta wucin gadi, wadda ake kira OTP, ba ta zuwa haka kawai. Tana zuwa ne saboda a daidai wannan daƙiƙa wani yana ƙoƙarin shiga asusunka ko sayen kaya da katinka, ya kai ƙofar ƙarshe, bankin kuma ya turo wa mai asusu tambaya: kai ne? Lambar tana mutuwa bayan 'yan mintuna, shi ya sa ɗan damfara yake gaggawa, yake tsorata ka, ba ya so ka samu sararin tunani. Sanin sunanka ko wani ɓangare na lambar katinka ba shaida ba ce cewa daga banki yake, irin waɗannan bayanai suna yawo ta hanyoyi da yawa. Banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, ko OTP, ko lambobi ukun da ke bayan kati. Ba ya bukatarsu kafin ya toshe asusu.

Gwaji na biyu ya fi tayar mini da hankali, domin babu wanda ya kira, babu wanda ya tambaye ni komai. Wata yamma na ga sabis ya ɗauke a wayata gaba ɗaya. Na kashe na kunna, shiru. Uwargida kuwa layin kamfani ɗaya muke amfani da shi, ga wayarta cike da sabis a ɗaki guda. 'Yata ta taɓa yi mini bayanin wannan alama: idan layinka ya mutu kai kaɗai ba dalili, mai yiwuwa wani ya je ya karɓi sabon sim da lambarka, yana cewa shi ne kai kuma wayarsa ta ɓace. Da zarar sabon ya fara aiki, naka ya mutu, duk saƙonnin banki da lambobin OTP su koma hannunsa. Wannan ba ƙananan mutane kaɗai yake samu ba. A 2019 ta wannan hanyar aka ƙwace shafin Twitter na Jack Dorsey, wanda a lokacin shi ne shugaban kamfanin.

Na ce, "Hajiya, ara mini wayarki." Lambar bankin tana rubuce a wani ɗan littafi da nake ajiyewa kusa da gado, tare da ta kamfanin waya. Na kira banki, suka yi mini tambayoyin tantancewa, na ce a dakatar da duk wani fitar kuɗi har sai na zo. Na kira kamfanin waya na ce a rufe layin. Daren nan barci kaɗan na yi. Washegari aka ɗauke ni zuwa ofishinsu, aka tabbatar cewa an sauya sim ɗin a wajen wani wakili da takardun bogi. A banki kuma aka nuna mini cewa an yi ƙoƙarin shiga asusuna daga wata waya, amma mai yin bai san lambar sirrin tura kuɗi ba, ya canka har ta kulle. Ko sisi bai fita ba. Na yi hamdala. Ɓarawon ya samu layin, amma lambobin nan huɗu da na sa ranar da 'yata ta juya baya, a kaina kaɗai suke.

Tun daga nan na ƙara wasu matakai. Na sa wa sim ɗin kansa lambar PIN, yadda ko an zare shi an sa a wata waya ba zai yi aiki ba. Idan an kuskure ta sau uku sai an kawo lambar PUK mai gurbi 8, wadda ke jikin katin da sim ya zo da shi, don haka na adana wannan katin. Na danna *#06# na kwafe lambar IMEI ta wayata, mai gurbi 15, saboda ranar da za a nemi shaidar waya idan an sace. Na hana saƙonni bayyana a fuskar waya idan tana kulle, domin lambar OTP da ake iya karantawa ba tare da buɗe waya ba ba ta tsare komai. Na rage iyakar abin da za a iya turawa a rana zuwa daidai bukatata, idan babbar hidima ta taso in ɗaga, in gama in mayar. Kuɗin magani na ajiya kuma na kai su wani asusu dabam wanda ba shi da kati, ba a haɗa shi da USSD ba.

Ba zan ce babu takaici ba. Akwai ranar da za ka tura kuɗi, a cire daga asusunka, wanda ka tura wa bai gani ba, kai kana jira, shi yana jira, wani lokaci a gaban mai sayar da magani. Yawanci kuɗin suna dawowa, amma jiran yana da ɗaci ga wanda ba shi da wasu. Abin da ke taimakawa shi ne adana rasit, domin lambar cinikin da ke jikinsa ita ake bi a gano inda kuɗin suka maƙale. Kuma kada a yi saurin sake turawa kafin a duba, don kada a biya sau biyu.

A asibiti, wajen gashin ƙashi, ina haɗuwa da masu irin lalurata, da tsofaffin da ido ya yi rauni, da waɗanda hannunsu ke karkarwa. Da yawansu har yanzu katinsu yana aljihun wani. Idan muna jiran layi nakan nuna musu abin da na sani, kuma a nan nake ganin inda masu ƙera waɗannan manhajoji suka manta da mu. Rubutu ƙanana ne, wasu manhajojin ba sa bin girman rubutun da mutum ya zaɓa a wayarsa. Madannai a matse suke, yatsa mai rawa yana taɓa biyu lokaci guda. USSD yana yankewa idan ka ɗan jinkirta, ni kuwa kafin in karanta zaɓi, in nemo lambar asusu mai tsawo, in danna da yatsa ɗaya, sau da yawa lokaci ya ƙare, sai in faro daga farko. Akwai wani dattijo makaho a cikinmu da wayarsa ke karanta masa rubutu da murya, amma manhajar bankinsa ba ta sa wa madannanta suna ba, sai wayar ta riƙa cewa "madanni, madanni" ba tare da ya san wanne ne na turawa ba. Dole ya miƙa wa wani, ya faɗi lambarsa a kunne.

Roƙona ga bankuna da kamfanonin waya shi ne su zauna da irinmu kafin su fitar da manhaja, su ba mu ita mu gwada a gabansu. Su ƙara wa mai jinkirin hannu lokaci, su bar rubutu ya girma, su sa wa kowane madanni suna. Su tsananta tantance duk wanda ya zo neman sauya sim, su kira tsohon layin kafin su kashe shi. Idan kuma dole sai an ga mai asusu ido da ido, a samar da hanyar yi ta bidiyo, ko a turo ma'aikaci gida, domin ranar da aka kai ni gyara layina, maza biyu ne suka ɗaga ni a kan matakalar ofishin.